Tarihin masu saran bishiya a Kano, daga gatari zuwa inji

1/ Yau ina so mu ɗan taɓa tarihin wata sana'a da muke wucewa ta gabanta kusan kullum amma ba mu cika tsayawa mu kalle ta ba: sana'ar masu saran bishiya. Mutanen nan da ake nema idan reshe ya kwanta a kan wayar wuta, ko saiwa ta fara tsaga katanga, ko iska ta jefo darbejiya kan rufin kwano. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Duk sanda aka kayar da wata babbar bishiya a cikin gari, mai gatarin ake fara tsine wa. Ni kuwa abin da zan kawo muku shi ne, shekaru ɗaruruwa wannan sana'ar tana cikin abubuwan da suka sa bishiyoyin ƙasar Kano suka daɗe a tsaye. Ana saran su, suna sake tohowa. Abu biyu ne suka juya lamarin a zamaninmu: abin da ake sara da shi, da yadda ake biyan mai saran.

3/ Ni a Ƙauyen Alu na tashi, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Tarauni, tare da su Gyaɗi-Gyaɗi, Unguwa Uku, Daurawa da Darmanawa. Ku dubi sunan kawai: ƙauye. Yau in ka kawo baƙo ka ce masa nan ƙauye ne dariya zai yi maka, don gida ne jikin gida, shago jikin shago. Amma sunan bai yi ƙarya ba. Dattawanmu sun yi noma a wuraren da yanzu ake ajiye motoci.

4/ Haka unguwannin Kano da yawa suke, sunansu na tona asirin abin da ke wurin a da. Giginyu jam'in giginya ne. Ɗorayi jam'in ɗorawa. Ga Kurna, ga Rimin Kebe, ga Tsamiyar Boka a Hotoro. A cikin birni ga Cediyar 'Yan Gurasa da Durumin Iya. Kafin zuwan lambar gida da sunan titi, da bishiya ake kwatance.

5/ Bari mu fara daga can baya. Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H.R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, da labarin bishiya ya buɗe. A zamanin Barbushe, wurin bautar Tsumburbura bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Akwai kuma kurmin Jakara da ake yanka a cikinsa.

6/ Da Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kundin ya ce a ƙarƙashin bishiyar bautar aka gina masallaci. Ba a taɓa ta ba. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, babban malamin da ya sauka Kano, wanda masana ke ɗauka Al-Maghili ne, ya sa aka sare ta aka gina hasumiya a gurbinta.

7/ Wannan shi ne sara mafi shahara a tarihin garin nan. An rubuta sunan sarki, an rubuta na malami. Wanda ya ɗaga gatarin kuwa, da waɗanda suka ja igiya, ko oho. Haka sana'ar take har gobe, aikin a fili, mai aikin ba a san sunansa ba.

8/ Ragowar wancan tsoron bai gama fita ba fa. Har yau akwai masu saran da in ka nuna musu tsohuwar tsamiya ko kuka za su ce ka nemi wani. Wasu kuma sai sun tofa addu'a sun ɗan jira kafin su hau. Kuna iya yin dariya, amma tsoron iskoki ya ceci tsofaffin bishiyoyi da dama da doka ba ta iya ceta ba.

9/ To mu fito daga ganuwa mu shiga gona, don a can asalin sana'ar yake. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya yi ta yabon karkarar da ya ratso, gonaki shimfiɗe da manyan bishiyoyi tsilli-tsilli a cikinsu kamar lambun da aka tsara. Kuma tsararre ɗin ne. Manomi ne ke zaɓar wadda zai bari lokacin sassabe.

10/ Kowace bishiya a gonar nan da mai ita. Ana gadon ɗorawa, ana sayar da ita, ana jinginar da ita, wani lokacin ma mai bishiya daban mai gona daban. Abin da ke kawo maka kalwar daddawa duk shekara ba ka kayar da shi don itacen girkin wata ɗaya. Sai dai ka nemi wanda ya iya hawa ya rage mata rassa.

11/ Kuma kowace da irin saran da take ɗauka. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, don haka da rani makiyaya ke sassaro rassansa wa dabbobi, lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuka gangarta santsi gare ta, hannu ba ya zagaye ta, sai a kakkafa turaku a jikinta a taka kamar tsani, a sauko da ganyen miya. In kun lura da tsofaffin kukoki a ƙauye za ku ga ramukan turakun a jere.

12/ Ɗorawa kuwa lallaɓa ta ake yi, da doguwar ƙugiya ake tsinko 'ya'yanta. Kayarwa gaba ɗaya sai da dalili mai ƙarfi: giginyar da ta ƙosa don azarar rufin soro, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, ko ƙirya don turmi da gawayin maƙera. Wannan kuma aikin masassaƙa ne, masu gizago, su ne ke fitar da turmi, taɓarya, akushi da ƙota.

13/ Kayan aikin duka maƙerin gari ne ke ƙera su. Gatari, adda, barandami mai doguwar ƙota da ake kai wa reshen sama sara da shi, igiyar rama ko ta ɓawon kuka, sai dutsen wasa kaifi. Ku riƙe wannan don za mu dawo kansa: da gatari, rage rassa aikin safiya ɗaya ne, amma kayar da ƙatuwar bishiya da faskara ta aikin kwanaki ne na mutum fiye da ɗaya. Wahalar ita kanta birki ce.

14/ Turawa suka ci Kano a 1903. Su da suka kalli Bahaushe da gatari a kafaɗa, mai ɓarna suka gani. Aka yi dokar gandun daji ta 1916, aka sake wata a 1937, aka keɓe dazuzzuka, aka ɗauki malaman daji a ƙarƙashin En'e. Ku tambayi kakanninku yadda ake tsoron malamin daji. Mutum na iya shan tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonar ubansa.

15/ A 1935 wani farfesan ilimin gandun daji na jami'ar Edinburgh, E.P. Stebbing, ya tayar da hankalin duniya cewa Sahara na gangarowa za ta cinye arewacin Najeriya. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, suka zagaya bakin iyaka a 1936 zuwa 1937, suka dawo suka ce ba su ga hamada na tafiya yadda ya faɗa ba. Amma zargin ya riga ya zauna a kan mai gatari.

16/ A wannan zamanin ne kuma aka kawo bishiyar da yanzu ita ce rabin aikin masu sara a Kano. Darbejiya, ko maina, ko dogon yaro, ba 'yar ƙasa ba ce. Asalinta yankin Indiya ne, ta biyo ta Gana, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Ko shekara ɗari ba ta cika a nan ba, amma wa zai iya tunanin Kano ba ita? Alhazai ma sukan gane ta a filin Arfa, can ma an dasa ta da yawa.

17/ Maɗaci kuwa namu ne, amma jera shi a bakin titi kamar sojoji, irin na Nasarawa da Bompai, tsarin Turawa ne. Daga nan aka fara samun bishiyar da aikinta inuwa kawai, ba ta da mai gadonta, ta hukuma ce. Bishiyar kowa kuwa kun san yadda take ƙarewa: masu magani su yi ta ɓare mata ɓawo har su zagaye gangar, ta bushe a tsaye.

18/ Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki a karatuna. Bayan farin 1973 da na 1984, kowa ya ɗauka Kano ta cinye bishiyoyin kewayenta da wutar girki. Sai wasu malamai, yawancinsu na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore, Reginald Cline-Cole da J.A. Falola, suka zauna suka ƙirga. Sakamakon ya fito a littafin Wood Fuel in Kano a 1990.

19/ Sun gwada hotunan sama na shekaru daban-daban, sun shiga gonaki sun auna. Abin da suka tarar shi ne bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birnin ba su ragu yadda ake ta faɗa ba. Itacen da ake kawowa gari a kan jakai yawancinsa rassa ne da aka sassaro, uwar na nan tsaye. Ɓarnar gaske tana can nesa, a dazuzzukan da manyan motoci ke zuwa lodi, inda bishiya ba ta da mai ita.

20/ Wato a inda mutane suka fi yawa, a nan aka fi tattalin bishiya. Wanda aka shekara hamsin ana zargi, ashe shi ne mai kula da lambun.

21/ Sai gari ya fara cin gonakin. Ku ji misali ɗaya: Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, littafin ya fito a 1977, kuma a matsayin karkarar manoma ta rubuta shi. Ɗorayin da kuka sani fa. Abin da ya faru da Ɗorayi shi ya faru da ɓangarenmu na titin Zariya da titin Maiduguri. Aka yanka filaye, ɗorawa da gawo suka tafi, aka dasa darbejiya da mangwaro a ƙofar gida.

22/ Nan sana'ar ta sake kama. A gona in ka sari reshe ƙasa zai faɗa, iyakarta ya karya karan dawa. A Gyaɗi-Gyaɗi kuwa a ƙarƙashin reshen akwai wayar wuta, kwanon maƙwabci, tankin ruwa, gilashin motar wani, da yara 'yan makarantar allo. Ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai da lissafi.

23/ Kasuwarsu ta fi buɗewa daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da iskar farkon damina ke tafe, kowa ya tuna da reshen da ya leƙa ɗakinsa. Su kan zo su uku ko huɗu. Mai hawa, masu riƙe igiya a ƙasa, mai faskare, sai a kira mai kura ko kurkura ya kwashe. Yaro yana fara koyo ne daga jan ganye da riƙe igiya, a daɗe kafin a bar shi ya hau.

24/ Akwai wani dattijo a unguwarmu da yake wannan aikin tun kafin a haife ni. Na ce masa, "Baba, in kun zo gindin bishiya me kuke fara yi?" Ya ce, "Ɗana, kallo. Sai na zagaya ta na ga ina ta karkata, ina nauyinta yake, ina iska ke bugowa. Sannan in ƙwanƙwasa ta da bayan gatari. In ta amsa kamar ganga, cikinta rami ne, ba na ɗora mata nauyina."

25/ Na ce to me ya fi ba su tsoro a sama, na ɗauka zai ce faɗowa. Ya ce zuma. In ƙudan zuma suka taso maka kana kan reshe, ba gudu ba tsalle. Bayan su sai wayar wuta, don ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, ba sai ka taɓa wayar da hannunka ba. Sai maciji a kogo. Shi ya sa kafin a hau ake tsayawa a kalli ko akwai ƙudan da ke shiga da fita.

26/ Kuma duk wannan ba takalmi ake yin sa, don tafin ƙafa ya fi jin bishiya. Ba hular kwano, ba bel ɗin ɗaure ƙugu, in an samu igiya a ɗaura a gindin reshe shi ke nan. Wanda ya faɗo, shi da iyalinsa da mai ɗori. Mai gidan da ya kira shi in ya kyauta ya kai shi asibiti. Wallahi duk sanda na ga ana ciniki da su ana ƙwaƙwar ragi sai abin ya tsaya mini a rai.

27/ Ga fasahar da nake so ku gane, don da ita za ku bambance gwani da ɗan koyo. Babban reshe ba a fara saransa ta sama. In ka fara ta sama, kafin ka gama nauyinsa zai karya shi, ya yago ɓawon gangar ya sauko da shi kamar an feɗe ta. Wannan raunin ne ke zama ƙofar ruɓa da gara.

28/ Gwani ta ƙasa yake fara sara, ɗan nesa da gangar, ya shiga kaɗan. Sannan ya koma ta sama, gaba da wancan saran, har reshen ya ɓalle. In ya zo yagewa sai ya tsaya a saran ƙasan. Daga ƙarshe ya cire guntun da ya rage, daidai bakin kumburin nan da ke gindin reshe, ba tare da ya shafe kumburin ba. Sara uku kenan. In reshen na saman rufi ne, a ɗaure shi tukun, a sauke shi a hankali gaɓa-gaɓa.

29/ A ƙasashen Turawa sana'ar har suna mai daɗi gare ta, likitan tiyatar bishiya. John Davey, haifaffen Ingila da ya koma Amurka, ya kafa kamfaninsa a Ohio a 1880, ya fitar da littafin The Tree Doctor a 1901. Likitocin farkon nan kuwa da gaske suka ɗauki sunan: su ƙwaƙule kogon bishiya su cika shi da siminti kamar haƙori, su shafe rauni da fenti ko kwalta.

30/ Sai wani masani na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga bishiyoyi yana duba cikinsu. A shekarun 1970 da 1980 ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin ta mutum. Killace raunin take yi, ta toshe shi ta ci gaba da girma a kewayensa, kuma kumburin gindin reshe shi ne wurin da take fara wannan aikin. Siminti da fenti ba sa taimaka mata, wani lokacin ma danshi suke riƙewa.

31/ Da na ba Baba wannan labarin, dariya ya yi. Ya ce, "Su sai da suka yi bincike? Mu ai ubangidana da mari ya koya mini kada in taɓa wuyan reshe." Ban ce kowane mai sara a Kano haka yake ba, akwai masu kwaɓa aiki da yawa. Amma ilimin yana nan a hannun tsofaffin, ba a littafi ba.

32/ Yanzu mu zo kan inji. Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera injin zarto mai sarƙa a 1926, na lantarki, mai nauyin da sai mutum biyu. Sai daga baya aka samu wanda mutum ɗaya zai ɗauka. A unguwanninmu kuwa a idonmu ya zama ruwan dare, musamman da masu araha 'yan Caina suka cika kasuwa. Yanzu kukansa ya zama cikin sautin safiyar Asabar.

33/ Injin na da nasa hidimar. Fetur ake gaurayawa da man inji, sarƙa kullum sai an bi haƙoranta da ƙaramin fayil, in ta taɓa ƙasa ko ƙusar da wani ya kafa a jikin bishiya ta dakushe nan take. Man shafa sarƙa kuwa da yawa baƙin mai suke zubawa don sauƙi. Sau da yawa ma injin ba na mai riƙe da shi ba ne, da yamma sai ya kai wa mai shi balas.

34/ Kun tuna birkin da na ce ku riƙe? Inji ya cire shi. Darbejiyar da ta shekara arba'in tana girma, kafin azahar ta zama gunduwa-gunduwa. Kuma wanda zai biya kuɗin fetur da balas ba zai so ya ɓata yini yana lallaɓa reshe uku ba. Bugu da ƙari hawa sama da inji ya fi hawa da gatari haɗari nesa ba kusa ba, to kayarwa daga ƙasa ta fi masa sauƙi.

35/ Abu na biyu, wanda a ganina ya fi injin illa, shi ne ciniki. Mai gida ba ya son fitar da kuɗi, sai ya ce, "Ka sare ka ɗauki itacen a bakin ladanka." Ku tsaya ku yi tunani. Ka ce wa mutum ladansa shi ne yawan abin da ya sara, sannan ka shige gida ka bar shi da bishiyarka. Me kake tsammanin tararwa?

36/ Itacen kuma kasuwa gare shi. Gidajen burodi na saye, masu gurasa, masu tsire, masu dafa abincin biki. Gangar maɗaci ko ta darbejiya mai kauri a kai wa masu katako. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, komai ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma itace da gawayi, bishiyar ƙofar gida ta fara kama da kuɗi a tsaye.

37/ A da manomi na biyan mai hawa ne don bishiyar ta ci gaba da ba shi amfani baɗi. Yanzu ana biyansa da naman bishiyar. Mutumin bai canja hali ba, cinikin ne ya canja.

38/ Daga nan aka samu askin da ya cika gari yanzu, ƙwal-kwabo. A sare duk kan bishiyar a bar gungume tsaye kamar turken wuta. Mutane su ce ai za ta toho, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Gaskiya ne darbejiya na da taurin rai, za ta toho. Amma sababbin rassan a fatar gungumen suke liƙe, ba su da tushe a ciki, saman kuma yana ruɓewa. Bayan 'yan shekaru su ne iska ke fara ɓallowa. Ka biya kuɗi ka sayi haɗarin da kake gudu.

39/ Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai sara ba ya zuwa sai an kira shi. Mu ne ke son fitar da shago a jikin katanga. Mu ne ke son shimfiɗa intalok ba ganye ko ɗaya. Mu ne ke cewa tana tara tsuntsaye suna ɓata mota, ko tana tara samari 'yan zaman majalisa. In aka zo faɗaɗa titi kuma, bishiya ce ba ta da mai kare ta a wurin taro. Sannan Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, mu fito muna neman inuwar maƙwabci.

40/ Akwai fa lokacin da kayarwa ita ce daidai. Darbejiyar da aka dasa taku biyu daga katanga, saiwarta ta shiga ramin masai ko ta ɗaga harsashin gini, ko wadda cikinta ya zama kogo tana kallon ɗakin yara, ba wanda zai ce a bar ta. Laifin nan na wanda ya dasa ne bai yi lissafin girmanta ba.

41/ A 2025 ma'aikatar muhalli ta jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin sare bishiya ba tare da izini ba. Masu inji su yi rajista, mai son kayarwa ko rage rassa ya nemi takarda, a dasa wasu a madadin wadda aka cire, wanda ya saɓa a ci shi tara. Niyyar na da kyau, kuma injin ne aka nufa, wanda ya nuna an gano inda matsalar take.

42/ Sai dai tarihin malamin daji na nan yana kallonmu, kuma maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu ganin ƙarshensa. A Nijar doka ta daɗe tana ɗaukar bishiya a matsayin ta gwamnati, manomi na shan tara in ya taɓa ta, to sai ya gwammace ya tumɓuke ta tun tana ƙarama kada ta jawo masa magana. Gonaki suka zama fili fetal.

43/ A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne. Kututturen da ke gona ake bari ya toho, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a datse sauran da kaifaffen ƙarfe, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Da aka sassauta wa manoma suka san itacen nasu ne, abin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da bishiya miliyan 200.

44/ Ku lura, da wuƙa da gatari aka dawo da bishiyoyin nan. Sara ne, irin wanda kakanninmu suka sani. Don haka in takardar izini za ta yi aiki a Tarauni, sai ta zama mai sauƙin samu ga wanda zai rage reshe biyu kafin damina, ta yi tsauri ga mai kayarwa. In aka haɗa su a layi ɗaya, mutane za su daina dasawa a ƙofar gida. Kuma ina ma a rajistar a tambayi mai inji ko ya iya sara ukun nan, a sa irin su Baba su gwada shi, a haɗa masa da bel da hula.

45/ Kafin nan, in za ku kira mai sara a gidanku bana: ku biya shi kuɗi a hannu, itacen ku yi cinikinsa daban bayan an gama. Ku nuna masa rassan da kuke so a cire ɗaya bayan ɗaya, ku tsaya a wurin. In akwai waya kusa, a tabbatar an kashe layin, kada a dogara da cewa ai an ɗauke wuta, tana iya dawowa yana sama. A kori yara daga ƙasa. In ya ce reshen nan ba ya hawuwa, ku yarda da shi.

46/ 'Yan Giginyu, 'yan Kurna, 'yan Tsamiyar Boka, da duk wanda unguwarsu ke amsa sunan bishiya: in wadda aka sa wa unguwar sunanta tana nan tsaye, ko wata sa'arta, don Allah ku ɗauko mana hotonta ku ajiye a ƙasan zaren nan, ku faɗi layin da take.